Daga Kano zuwa Maamobi: wankan jegon da ban yi ba

Ana sallame asuba na bar gida da buhuna na kanwa da citta da yajin jego. 'Yata ta fari, wadda ke aure a Accra, ta sauka, an samu namiji. Da can ta Yamai da Wagadugu muke bi, amma 'yan bindiga sun hana hanyar, dole muka nufi Legas mu bi bakin teku.

Legas zuwa Lome

A Legas na kwana a tasha, na wayi gari na shiga wata motar. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Binta, ba ta jima da saukowa daga jirgi ba, ta sayo kaya a ƙasar waje. Mace mai kirki, kwano ɗaya muka ci dambu. Sai dai tari take yi, jikinta kuwa kamar garwashi, ga shi rediyo kullum maganar sabon zazzaɓin nan yake.

Dab da iyakar Seme yaron mota ya bi mu da ƙwayar zazzaɓi, kowa biyu-biyu.

Na ce, "Ɗan nan, ni lafiyata ƙalau."

Ya ce, "Hajiya, a sha dai. In na'urarsu ta kama mutum ɗaya, nan za mu kwana gaba ɗaya."

Haka aka yi. A kowace iyaka jami'ai su ɗora mana na'ura a goshi, su zazzage buhuna, su shinshina kanwata kamar wata muguwar aba. Ƙasa uku suka bincike ni, amma abin da ya kamata su tare yana zaune a gefena yana tari.

Accra

Washegari da la'asar muka sauka. Hajiya Binta ta miƙe, sai ta zube a bakin mota, aka kwashe ta zuwa asibiti. Surukina Awudu ya ɗauke ni a trotro, wato ƙaramar bas ɗinsu, muka ratsa unguwar Nima. Ko'ina masallaci da masu wake da shinkafa, ni kuwa hankalina yana kan kwanon dambun nan.

A Maamobi, unguwarsu, gidan haya ne, ɗaki jikin ɗaki, mata cike da tsakar gida. Na ji kukan jariri. Wata dattijuwa, Mma Azumi, ta fito da shi a zane.

"Akwaaba, Hajiya! Ka zo lafiya? Karɓi mijinka."

Na ja da baya, na ɓoye hannuwana a mayafi. Matan suka fashe da dariya.

"Kai, Kano people! Kunyan ɗan fari har ya kai kan jika?"

Wallahi da na so, da na fake da kunyar nan. Amma na ce, "Ba kara ba ce. Kwana biyu na yi kusa da marar lafiya. Ku mayar da shi ciki."

Daga bayan labule na ji yarinyar nan ta ce, "Inna, ko ganinki ba zan yi ba?" Ban taɓa jin abu ya yi min ciwo haka ba.

Kanda

Awudu ya sama min ɗaki a gidan yayarsa a unguwar Kanda. Ba a yi mako ba zazzaɓin ya kwantar da ni, likita ya tabbatar shi ne. Suna ya wuce ina kwance. Mma Azumi ce ta riƙa dafa ruwan wankan, ta dama kunun kanwa da kanwata, tana aiko min da nawa a ajiye a bakin ƙofa.

Sai da likita ya sallame ni na koma Maamobi. Mma Azumi ta miƙo jaririn tana hararata.

"Yau kuma wane dalili za ka kawo?"

Na karɓe shi. Ya yi nauyi, ya yi kumatu, ya kuma jiƙa min zane nan take.

Kano

Na dawo ta hanyar da na bi, na iso lafiya. Ina gode wa Awudu da yayarsa, da Mma Azumi da ta yi aikina ba ta san ni ba. Hajiya Binta ma na ji ta tashi. Jiya aka turo min muryar yaron a waya yana tsala ihu, ƙirji garau, ko tari babu. Na bar tuwo a wuta na zauna ina ta maimaitawa. Alhamdu lillahi.