Kawu Kafitan da Injin da Ya Ƙi Tashi

Duk wanda ya taɓa roƙon Kawu Kafitan goro ya san abin da ke fara fitowa daga aljihunsa. Buji! Ɗan abin nan da ke ba inji wuta. Sai ya ciro shi, ya hura, ya shinshina, ya goga a hannun riga, ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya yana dubawa, sannan ya tuna ashe goro ka roƙa. Goron ma in ya zo hannunka warin esansi, wato fetur, yake yi. Sau biyu da kunnena na ji bujin nan ya faɗo a masallaci ana cikin sujada, ƙwal, ya gangara har gaban Liman.

Sunansa na yanka Mamman, wan mahaifiyata ne. Kafitan kuwa mutanen gari ne suka laƙaba masa don tsiya, shi kuma ya karɓa hannu biyu. Ni ne Isuhu mai gyaran moto, wato babur, a bakin hanyar Dogarawa, kuma in za a jera waɗanda suka yi masa dariya, wallahi ni zan ja layi.

Kun san halin garinmu. Yawancin shekara ƙasa ce busasshiya, amma da damina ta kankama sai ruwan gulbin Majiya ya cika kwari ya raba mu da titi. Mai zuwa kasuwa ya naɗe wando ya ɗora kaya a ka, maras lafiya a ɗauke shi bisa gado. Kawu ya daɗe yana zuwa cirani wajen Yawuri, a can ya ga jirage masu inji suna tsaga kogi. Wata shekara abokan tafiyarsa suka dawo da katifu da rediyo, shi kuwa ya dawo da injin jirgin ruwa, na hannu, a nannaɗe cikin bargo.

Na ce, “Kawu, rairayi za ka tuƙa?”

Ya ce, “Bari damana ta zo. Da idona nig ga an tashe shi cikin tano, har ƙasa na rawa. Ran da za shi tashi nan, duk sai kun ji kumya.”

Ni na sauke injin daga mota ranar da ya iso. Wajen saukewa na ga wata ’yar jar igiyar roba mai murɗe-murɗe tana reto a jikinsa. Na ɗauka adon kanti ce, na fizge na ɗaure makullin motona da ita. Kawu ya gan ta daga baya bai ma gane ta ba, cewa ya yi, “Ƙato da kai, mi kaka yi da kwalliyar mata?”

Ranar gwaji aka cika tano, wato babbar gangar ƙarfe, da ruwa, aka kafa inji a bakinsa, gari ya taru. Kawu ya yi bismilla ya ja igiyar tayarwa. Fut-fut, shiru. Ya sake ja. Ya yi ta ja har gumi ya jiƙa masa riga, mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya suna ƙunshe dariya. Nan ya juyo ya faɗi maganar da ya shekara bakwai yana maimaitawa: “Lahiyatai lau! Wuta ta babu.”

To, mu masu gyara in za mu duba wuta, buji muke kwancewa mu jingina shi jikin ƙarfen inji, a ja, mu ga ko zai yi tartsatsi. Na gwada sau ɗaya ban ga komai ba, na kaɗe hannu na ce gawa aka sayar masa. Kawu ya ce shi bai yarda da ido ba, jiki ya fi gaskiya. Sai ya koma duk wanda ya bi ta ƙofar gidansa ya tare shi ya ba shi bakin waya ya riƙe, shi kuma ya ja. Mahauci ya riƙe, mai shayi ya riƙe. Har Liman bai tsira ba!

“Allah shi gafarta Malam, ka jiya wani abu?”

“Ban jiya komi ba, Mamman, sai dai hannuna ya yi baƙi.”

“To lalle babu ta. In tana nan ba ta jin nauyin malammai.”

Wata rana ya zo rumfata ya ce bari ya ji yadda wutar tawa take. Ya kama wayar wani moto, ni kuma da mugunta na taka abin tayarwa da ƙarfi. Wayyo! Tsoho ya yi tsalle, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Muna ta birgima don dariya, shi kuwa ya miƙe yana yarfa hannu, fuska cike da murna, ya ce, “Ka gani? Irin wagga nika nema!”

Maƙo kuwa, kada ma a tona. Bujin da ya zo da injin shi ne dai bujin. In ya ga ya jiƙe da mai, sai ya kai wa mai shayi ya tura cikin garwashi ya gasa, ya kankare da reza, ya mayar aljihu. Na gaji na sayo masa sabo dal daga Ƙonni. Ya juya shi, ya yaba, ya sa mini albarka, ya jefa cikin gwangwani ya rufe.

Na ce, “Kawu, ai don ka sa na sayo.”

Ya ce, “Sai ran da yat tashi. Wa ka ɓata sabon abu wurin gwaji?”

Esansi ma kwalba guda ce. Ya zuba, ya ja, inji ya ƙi, ya sa tiyo ya zuƙo abinsa ya mayar cikin kwalba. Har man ya koma kalar shayi. Na ce masa man nan ya mutu. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, “Yaushe anka yi jana’izatai ban jiya ba?”

Jirgin kansa wani labari ne. Kafintan garinmu bai taɓa ganin jirgi ba, Kawu ya zana masa a ƙasa da kara. Abin da ya fito, Fulani biyu suka tsaya tambaya ko na sayarwa ne, za su riƙa shayar da shanu a ciki. Amma aka liƙe shi da kwalta, kuma ga mamakinmu bai nutse ba. Tun daga lokacin kowace damina Kawu na bakin ruwa yana fiton mutane da doguwar gora, inji na zaune a baya kamar mai gari. Kafin kowane ƙetare sai ya ja igiya sau uku, ya saurara, sannan ya ɗauki gora. Wata rana Inna Hajo mai nono ta ƙosa, rana na yi, nono zai yi tsami.

Ta ce, “Kafitan, don Allah sauke ƙarhen ga, wurin mutum biyu ya tare!”

Ya ce, “In na sauke shi, ran da wuta taz zo ta iske wa?”

Muna dariya, amma yanzu in na tuna sai in ga abin da ban gani ba a lokacin. Da gorar nan ya ƙetarar da mata masu naƙuda da tsofaffi marasa lafiya, ba adadi, kafaɗarsa na ciwo bai taɓa cewa a jira gobe ba. Abu ɗaya yake so a duniya: injin nan ya yi ƙara sau ɗaya a gaban mutanen gari, a san ba a cuce shi ba kuma bai haukace ba.

Daminarsa ta ƙarshe ya same ni a rumfa, mutane cike. Ya rame, tafiyar ma da ƙyar. Ya ce, “Isuhu, ba ni yini guda. Guda ɗai. Mu bi wayoyin ga ɗaya-ɗaya, ni idona ya rage.”

Ban san abin da ya hau kaina ba. Aiki ya yi mini yawa, ga zafi, ga ’yan kallo suna jiran in ba su dariya. Na ce, “Haba Kawu! An cuce ka, kowa ya sani sai kai. Kai injin ga masu sayen tsohon ƙarhe, mu huta!” Ina faɗa ina kaɗa makullina a yatsa, jar igiyar nan tana wulwulawa a gaban idonsa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da buji aljihu ya ce, “Su in sun hwaɗi ban jin komi. Ban zaci har da kai ba.” Ya juya ya tafi. Na ce a raina gobe zan je in ba shi haƙuri, goben ta yi ta ja har aka yi girbi. Ana gama ɗaurin hatsi ya kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Bayan arba’in matarsa, Inna Rabi, ta ce a nemi mai sayen injin. Na ji labarin wani masunci, Malam Audu, mutumin Yawuri da ya zo kamun kifi dam ɗin wajen Ƙonni, na ɗauko shi a moto. Ya zagaya inji, ya taɓa wani ɗan maɓalli a gefen hannun tuƙi, ya ce, “Ina makullinai?”

Na ce, “Wane makulli kuma?”

“Wata ’yar jar igiya, da ɗan baki nata da aka maƙalawa nan. Mai tuƙi ka ɗaura ta ga hannu, in ya hwaɗa ruwa ta hizge, inji shi mutu. In babu ta, ko shekara ɗari za ka ja wuta ba ta zuwa.” Sai idonsa ya sauka a hannuna. “Af, ga ta nan ai.”

Jama’a, sai na zauna a ƙasa. Malam Audu bai san abin da ke faruwa ba, ya ci gaba da aikinsa. Ya wanke karbirato, inda mai ke bi ya shiga inji, ya zuba sabon mai, aka cika tano. Na miƙa masa sabon bujin gwangwani, ya ture, ya ɗauki tsohon da Inna Rabi ta ciro daga aljihun rigar Kawu. Ya ce, “Wanga lahiya lau shike, an kula da shi.” Ya maƙala jar igiya. Ja ɗaya, ja biyu, a na uku inji ya ɗauka da wani irin ruri, ruwa na tafasa a tano, ƙasa na rawa, daidai yadda Kawu ya faɗa.

Gari ya kwaso a guje, mahauci da wuƙa a hannu, Liman ba takalmi. Aka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya yi dariya. Inna Rabi ta rufe baki da mayafi ta ce, “Ashe gaskiyatai ta.” A nan gaban kowa na faɗi inda igiyar ta kwana shekara bakwai, ina kuka kamar ba ni ba. Kunyar da ya ce za mu ji mun ji ta, ni na fi kowa, sai dai ba ya nan balle ya gani.

Ba a sayar da injin ba. Yanzu ni ke fito da shi duk damina, tsohon bujin na aljihuna in an sauke inji da rani. Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya haskaka kabarinsa, ya ƙetarar da shi lafiya yadda ya ƙetarar da bayinsa da gora. Ni kuma Allah ya yafe mini yini gudan nan da ya roƙa na hana shi.