Satin da Rana Ta Toshe Oba-oba

A ƙarshen shekarun tamanin ni ke riƙe da makullin wata ƙofar ruwa a kan kanal, babbar magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Aikin ba wuya. Da hantsi na'urar oba-oba da ke ɗan ɗakina za ta yi magana daga ofis, a ce buɗe ko kar ka buɗe, ni kuma in bi. Abu ɗaya aka ja mini kunne a kai ranar da aka ɗauke ni: in ban ji murya ba, kar in taɓa ƙofa.

Alkama ta fitar da kai, tana neman ban ruwa na ƙarshe, ga zafi ya fara shigowa. Sai rannan na kunna na'ura, babu abin da ke fita sai shuuu, kamar ana suyar ƙosai. Rediyon mai shayi ma ta ɗauke, haka ta liman. Nan take gari ya yanke hukunci: batir ne ya yi sanyi. Mu kuwa maganin batir ɗaya muka sani, a shanya shi a rana. Kowa ya fito da nasa, aka jera a kan katanga da bakin tabarma. Ni ma na kinkimo ƙaton batirin na'ura na ajiye a tsakar rana ina jira ya farfaɗo. Ashe wajen mai laifin muke kai su.

Abin haushi, da la'asar sakaliya sai na'ura ta dawo garau, lokacin an tashi daga ofis. Washegari da hantsi ta sake toshewa. Na hau keke na je ofishin, aka ce injiniya, shugabanmu, yana Kano, shi ma ta na'ura yake aiko umarni, in koma in jira.

Ina cikin jiran ne wata tsohuwa ta zo, wadda gonarta ke can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isa a makare. Mijinta ya rasu, ita ke noma da kanta. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta miƙo mini kan alkama.

"Ɗan nan, murza ka gani."

Na murza. Ƙwayar ta fara motsewa.

"Inna, ba a ba ni umarni ba."

"Ga ruwa maƙil a bayanka, kana zaune kana jiran akwati ya yi tari? Shi akwatin tuwo yake ci?"

Kunya ta kama ni, sannan zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki makulli na murɗa ƙofar har ƙarshe, na tsaya ina kallon ruwa yana gangarawa.

Da injiniya ya dawo ya kira ni. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani: rana ce ke aman wuta, abin ya hargitsa can saman sama inda maganar rediyo ke bugawa ta dawo ƙasa. Ya ce a ƙasashen Turawa har wutar lantarki da kwamfuta abin ya taɓa.

"Ka ga ke nan ba laifin kowa ba ne," in ji shi.

"Madalla, ranka ya daɗe. Sai in koma bakin aiki?"

"Shirun na'ura ba laifin kowa ba ne. Buɗe ƙofa kuwa naka ne. Amma ka ce kuskure ka yi, ba za ka ƙara ba, in rufe maganar."

Ina da mata da ɗa na goye, kuma babu wani aiki da ke jirana. Duk na san wannan. Sai dai bakina ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, in rana ta sake toshe na'ura gobe, gobe zan sake buɗewa."

Sai ya miƙo hannu. Na ajiye masa makullin a kan tebur na fito. Har yau in an ce mini gardama ce ta kore ni daga aikin gwamnati, ba na musu. Makulli dai sun karɓa. Ruwan kuwa ya riga ya shiga ƙasa, babu wanda ya isa ya dawo da shi.