Ranar da na yi wa Kawu tafinta

Ina koyarwa a wata firamare a Bakura aka aiko in je Talata Mafara in yi tafinta. An kafa kwamitin bincike kan gonakin da aikin dam ya ci, alƙalin da aka ba shugabancinsa kuwa ba ya jin Hausa.

Ranar farko ya karanto mana irin ikon da aka ba shi. Yana iya kiran kowa, komai girmansa, ya rantsar da shi, wanda ya ƙi zuwa a kamo shi. Na fassara da ƙarfi, har da jin daɗi. Manoma suka yi ta gyaɗa kai.

Aka kwana huɗu ban ga an kira babba ko ɗaya ba. Jami'an da suka auna gonaki takarda kawai suka aiko, ya karɓa ya ce ta wadatar. Manoma kuwa, wasu tun daga Maradun, suna tsugune a rana sai an kira su.

Rana ta biyar aka shigo da Kawu, yayan mahaifiyata, daga Birnin Tudu. Ya dafa Alƙur'ani ya faɗi yadda katafila ta bi ta kan dawarsa tana gab da nuna, ta tuge tsamiyar da ke kan iyaka. Damina biyu bai yi shuka ba, da aka zo sake rabon gonaki kuma aka ba wani mutum wurinsa. Alƙali yana rubutu. Daga nan Kawu ya shiga maganar babban ɗansa, wanda ya bi 'yan'uwansa manoma suka tare wa ma'aikatan dam hanya, bai dawo ba har yau.

Alƙali ya ɗaga hannu. Ya ce wannan ba ya cikin abin da aka aiko shi ya bincika, ya hana magatakarda rubutawa.

Na ce, "Kawu, wai maganar gona kaɗai anka aiko shi ya ji."

Ya ce, "To mi ya kai ɗan nawa bakin hanya in ba gonar ba? Tambaye shi."

Na tambaya. Alƙali ya dubi agogonsa, ya ce in tsohon nan ya sake tayar da zancen zai sa a tsare shi don raina kwamiti. Ashe bai manta yana da iko ba! Kwana huɗu ya rasa wanda zai gwada shi a kansa sai dattijon da ya zo neman ɗansa.

Na ce, "Kawu, ya ce ka yi haƙuri."

Kawu ya dube ni. "Ba haka ya ce ba. Ina ganin fuskarsa. Kai ma ka koma wajensu?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita ba a sallame shi ba.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba da alƙalin kaɗai ba. Ni na rufa masa asiri da bakina, na kuma zauna na ƙarasa musu aikin har ranar tashi. Rahoton da suka rubuta babu wanda ya taɓa karanta mana shi. Kawu ya ci gaba da noma gonar aro a Dakko. Nakan je gaishe shi, mu yi doguwar gaisuwa, ya tambayi makaranta da iyali, amma bai sake yi mini zancen gonar ko na ɗansa ba.