Ciwon Bayan Gwaggo

A unguwar kowa Likita yake ce masa, ko da yake aikin da ya yi a asibiti har ya yi ritaya bai wuce wanke ciwo da ɗaure shi ba. Bai taɓa gyara wa kowa sunan ba. Matarsa ma ta ƙyale, don a ganinta wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauraron nishin jama'a ya cancanci ƙarin girma kyauta.

Da ya ajiye aiki, marar lafiya ɗaya ce ta rage masa: motar gidan, ƙaramar bas mai ƙofar da ake ja a gefe, wadda yara suka raɗa wa suna Gwaggo saboda ba ta tashi sai da lallashi. A cikinta aka kai su makaranta su duka, a cikinta kuma autar gidan ta so ta zo duniya, ƙofar asibiti ce ta riga ta. Duk Asabar da hantsi Likita zai shimfiɗa kwali a ƙofar gida, ya zura tsohuwar rigar aikinsa da ta tashi daga fara ta koma launin baƙin mai, ya jera sifanu a faranti kamar kayan tiyata. Dokarsa ita ce idan an ta da inji kowa ya yi shiru, ko tari sai da izini, shi kuwa yana kara abin awon ƙirji a jikin ƙarfe yana lumshe ido. A faɗi gaskiya, hannunsa na da kyau. Gwaggo ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Aibinsa ɗaya ne. Duk abin da ya kwance ya mayar, sai noti ya yi saura. Bayaninsa shi ne masu ƙera mota almubazzarai ne, inda kaɗan zai isa sai su cika. Ragowar yakan zuba su a gwangwanin madara, har ya yi nauyi. Da matar ta gaji da tuntuɓe da shi ta ce za ta ba masu sayen ƙarafa, sai gwangwanin ya ɓace daga tsakar gida, ba wanda ya ƙara ganinsa.

Ba a jima ba Gwaggo ta fara wata ƙara daga baya. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, da an sha kwana sai a ji kwalam. Likita ya ce ciwon baya ne, na tsufa. Ya ɗaure salansar hayaƙi, ya sauya robobi, ya ɗura giris har inda ba a taɓa ɗurawa ba. Ƙara na nan.

Babban ɗansu, wanda yanzu yake da ofis da ra'ayi, ya zo gaisuwa ya ji da kunnensa. Cikin ladabi ya ce rai ya fi ƙarfe. Idan ya dawo ƙarshen wata ya tarar ƙarar ba ta tafi ba, zai kira dillali, ya kawo musu sabuwa, irin wadda ba a buɗe mata baki sai a gaban kwamfuta.

Likita ya ce Allah ya kai mu. Matar ce hankalinta ya tashi. Ba ta manta lokacin da aka kai Gwaggo fenti ba, mijin ya rasa abin dubawa ya shigo mata ɗakin girki. Fanka ya fara kwantarwa, sai dutsen guga, sai injin markaɗe. Har yau fankar gefe guda take kallo, kamar mai fushi da mutanen gidan. Idan Gwaggo ta tafi, ta san wa zai gaje ta a kan kwalin.

Ranar gwaji Likita ya riƙe sitiyari, ɗan ya zauna kusa da shi ya harɗe hannu, matar ta shige kujerar can baya ta ce iska za ta sha. Aka ta da inji, aka yi shirun doka. A kwanar farko, wajen mai facin taya, sai kwalam. Ɗan ya juyo ya dubi uban, irin duban da ake wa dangin marar lafiya.

A daidai lokacin wani abu ya gangaro daga ƙarƙashin kujera ya bugi diddigen matar. Ta laluba da ƙafa. Ko ba ta duba ba ta san gwangwanin madara idan ta taka shi. Ashe nan ya ɓoye mata dukiyarsa. Ta danne shi da tafin ƙafa, ta gyara mayafi, ta kalli titi.

"Wannan ta ban kwana ce," in ji Likita, ko gezau. "Ciwo idan zai fita sai ya motsa."

Ya sha kwana ta biyu, shiru. Ɗan ya ce a bi ta bayan kasuwa inda ramuka suke, aka bi. Ya ce a zagaya shataletale, aka zagaya har mai ba da hannu ya fara kallonsu. Gwaggo ko tari ba ta yi ba. Ƙafar matar kuwa ta yi tsami har cinya, amma wanda ya riƙe kan maciji ba ya sosa ƙeya.

A ƙofar gida ɗan ya shafa kai ya ce, "Baba, na janye. Me ka yi mata?"

"Sirrin marar lafiya ba a faɗa."

Matar ta fito tana ɗingishi, hannu ɗaya cikin mayafi. Likita ya dube ta da idon sana'a ya ce sanyi ne, ta rage zama a siminti. Ta ce to, Malam.

Gwangwanin yanzu yana bayan tukwane. Likita ya neme shi a ɓoye, ya rasa, ya ɗora laifin a kan masu sayen ƙarafa da lalacewar zamani. Asabar ta gaba, yana kwance a kan kwali, sai matar ta miƙo masa wata 'yar jaka da ta ɗinka da ƙyalle mai kauri, ninki biyu, da zaren zugewa.

"Ta notunanka ce," ta ce. "Gwangwani na sa su tsatsa."

Ya jujjuya ta, ya yaba ɗinkin, ya ce dama ya daɗe yana wannan tunanin. Sannan ya jefa noti na farko a ciki, ba a ji komai ba.