Baba Mai Fito da Tabarmar Ƙarya

Shekara talatin da takwas, da gari ya waye Baba Mai Fito zai saɓi gorarsa ya gangara mashigi. Ya kwashe ruwan da ya kwana a kwale-kwale, ya tsoma gora ya ji zurfin ranar, sannan ya ce da masu jira, "A shigo a hankali. Mai akuya, koma baya, ba na son gardama a tsakiyar ruwa."

A taswira kogin nan sunansa ɗaya. A bakin Baba kuwa goma sha ɗaya ne, kowace kwana da nata. Inda ya matse tsakanin duwatsu, Wuyan Tulu. Inda ya rabu biyu ya sake haɗewa, Yaya da Ƙani. Inda farin yashi ya shimfiɗu har mutum ya ji sha'awar kwanciya, Tabarmar Ƙarya.

Shekara uku da suka wuce aka zo gina gada, injiniya ya kafa tutocinsa a Tabarmar Ƙarya. Baba ya san in gada ta tsaya, sana'arsa ta ƙare. Ya kuma san in aka gina ta a nan, ba za ta ga damina uku ba, kuma da mutane za ta tafi.

Mai ɗakinsa ta ce, "Malam, ina ruwanka? Masu ilimi sun auna abinsu."

Ya ce, "Bana suka auna. Ni na ga bara, na ga ta gabanta."

Ya sami injiniya a bakin ruwa. "Ranka ya daɗe, ka san sunan wurin nan?"

Injiniya ya yi murmushi, ya buɗe taswira ya karanta masa sunan kogi.

"Wannan na 'yan makaranta ne. Nan Tabarmar Ƙarya, kuma wanda ya raɗa sunan ba wawa ba ne."

Masu wanki sun shaida abin da ya biyo baya. Baba ya kafa gora a yashi, ya jijjiga ta, sai ga ta tana nutsewa har saura taƙi ɗaya. Injiniya ya daina murmushi. Aka sake awo, aka mayar da tutoci Wuyan Tulu, inda ƙasan duk dutse ne.

Watan jiya aka buɗe gada, kwale-kwale yana kife a ƙofar gidan Baba. Abin ya taɓa zuciyar duk wanda ya taɓa shiga jirginsa.

Baba, kai ne ka nuna inda za a kafa abin da ya raba ka da abincinka, alhali shiru kawai ya ishe ka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da ke wucewa ta sama a mota, mu riƙa sauka muna gaishe shi, mu karɓi sunayen nan goma sha ɗaya tun mai su yana da rai. Har yau suna ɗaya kawai taswira ta sani.