Gidan da Na Sake Gina wa Kakata a Limanti

Gidanmu na Limanti kakana ne ya gina shi da hannunsa. Malam Habu magini, Bakano ne, aikin gini ya kawo shi Maiduguri yana saurayi, ya ga wata yarinya Babarbariya ya aura, bai sake komawa ba. Ban riske shi ba, sunansa kawai na gada. Shi ya sa kakata, Ya Falmata, ba ta taɓa kama sunana ba. Tun ina rarrafe Maigida take ce mini.

Gidan ƙasa ne mai rufin soro da azara. Ka shiga zaure, ka karya dama, sai ga tsakar gida da darbejiya da rijiya. Lokacin sanyi, da an idar da magariba, Kaka takan jawo kaskonta zuwa ƙofar ɗakinta, ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren wuta. Ni da ƙanwata Yagana da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, kowa ya miƙa tafin hannunsa. Hausarta ta Barebari ce, takan ce wa namiji "ta zo", mace "ya tafi", mu yi ta dariya a ɓoye. Idan labari ya yi daɗi kuwa sai ta zarce da Barbarci ba ta sani ba, sai Yagana ta taɓa mata gwiwa sannan ta dawo.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta karkata kunne wajen zaure ta ce, "Kun ji? Wata tana sallama a waje."

Mu ce, "A ce ta shigo." Haka tatsuniya take shigowa.

Wadda na fi roƙo a maimaita ita ce ta magini da baƙinsa. Wai an yi wani magini da ya gina wa kowa gida a garinsu, shi kuwa da iyalinsa a bukka suke kwana. Da ya tashi gina nasa, sai ya ce ba zai aza tubali ba sai ya tambayi baƙin da za su riƙa zuwar masa ko bai gayyace su ba. Ya je wurin Rana. Ta ce, "Da safe ina so in leƙo mu gaisa, ka bar mini 'yar taga ta gabas. Amma da yamma ina da zafin rai, ka yi wa bangon yamma kauri, kada mu yi faɗa." Ya je wurin Iska. Ta ce, "Ni ba na shiga inda ban hango mafita ba. Ka yi mini ƙofar shiga da ta fita." Daga nan ya tarar da Ruwa kwance shiru a wani ɗan tafki. Ruwa ya ce, "Ni ba na son ɗaki, ba na son tabarma. Hanyar wucewa kawai za ka bar mini."

Magini ya yi dariya, ya ce wannan ai ita ce mafi sauƙi, sai a ƙarshen aiki. Ƙarshen aiki ya zo, ana ta yaba kyan gida, ya manta.

Damina ta sauka. Ruwa ya sauko bisa soro, ya duba gabas ya duba yamma, babu hanya. Da yake mai kunya ne, sai ya zauna yana jira. A nan Kaka takan ɗauki murfin kwano ta riƙa ƙwanƙwasa shi da farce a hankali. "Ga shi yana sallama ta tsakanin azara. Ɗis. Ɗis. Masu gida suka tara kwano suka koma barci." 'Yan'uwan Ruwa suka yi ta zuwa suna tarar da shi, har nauyinsu ya fi ƙarfin azara. Da kyar magini ya fitar da iyalinsa, gida ya zauna. Ya tsuguna yana kuka, Ruwa ya zo ta gefen ƙafarsa ya ce, "Ka yi haƙuri. Na yi ta sallama." Da magini ya sake gini, indararo ya fara sassaƙawa kafin ya kwaɓa ƙasa.

"Ta gama, ta ɗauki takalminta ta tafi," in ji Kaka. "Ku tashi, an kusa kiran isha."

Yagana kullum Ruwa take tausaya wa. Ni kuwa haushin magini nake ji, in kwanta ina rantsuwa da ni ne ba zan manta ba. Kaka ba ta taɓa ce mana ga darasin ba. Amma duk shekara, da ta ga hadari ya fara haɗuwa, sai ta tsaya a kan Baba Modu, ƙanin mahaifina, har ya hau soro ya share bakin kowane indararo.

Na girma na karanci zanen gine-gine. Ranar da malaminmu ya zana gida a allo, ya ja kibiya ta hanyar rana, wata ta hanyar iska, wata ta gangaren ruwa, sai na ji ƙanshin turaren wuta a hancina. Da na fara aiki, ɗabi'ar tambaya ta bi ni. Ba na ja layi ɗaya sai na zauna da masu gida: ina kuke zama da yamma, wa ke fara tashi, ina tsohuwa za ta yi alwala. Sannan in fitar da zanen ƙasa, da na rufi, da na yadda ginin zai kasance in an tsaga shi biyu, da na famfo da wuta da magudana, kowanne da takardarsa, yadda birkilan da bai taɓa ganina ba zai karanta ya gane.

Na yi gidana a Maisandari, na ware wa Kaka ɗaki. Ta zo ta gani, ta sa albarka, ta koma Limanti kafin la'asar. Ta ce, "Maigida, ai ka riga ka ajiye ni a gida. Ina kuma za ka kai ni?"

Sai shekarar da madatsar ruwa ta ɓalle, ruwa ya shigo gari. Wannan ba ruwan sama ba ne da indararo zai sallama. Ta ƙasa ya zo, ya cika lunguna har ya kai ƙirjin mutum. Baba Modu ne ya goya ta ya fito da ita, daga ita sai zanen jikinta da carbi. Da ruwan ya janye na je. Bangayen sun narke sun zama tudu, azara sun yi cirko-cirko a cikin laka. Darbejiya ce kawai a tsaye, sai bakin rijiya.

Ta dawo wurina a Maisandari. Mun gaya mata gaskiya cewa gida ya rushe, ta yi salati, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Washegari na same ta ta ƙulle 'yan kayan da muka saya mata a ɗankwali. Ta ce, "Maigida, yaushe za mu koma?" Na sake yi mata bayani. Washegari ta sake tambaya. Likita ya ce tsufa ne, firgici kuma ya ƙara masa gudu. Abinci ya ragu, magana ta ragu, sai zama tana kallon ƙofa.

Na ce zan mayar mata da gidanta yadda yake. Sai dai gidan bai taɓa samun zane ba. Kakana da ƙafa ya shata shi a ƙasa, sauran yana kansa, ya tafi da shi kabari. Abin da ya rage yana kan Kaka. Na ɗauki takarda da fensir na zauna gabanta.

"Kaka, ƙofar ɗakinki tana kallon zaure ne?"

Ta ɗago kai, karo na farko a kwanaki da yawa. "Kai ma dai. Wane magini ne zai sa baƙo ya hango gadon matarsa? Karkatar da ita ya yi wajen rijiya."

Na zana na nuna mata. Ta ture takardar, ta ce ba ta gane waɗannan zane-zanen. Sai na yanka kwali na haɗa mata ɗan ƙaramin gida, wanda ake cire rufinsa. Ta sa yatsa ciki tana yawo da shi. Ta ce alkukin da take ajiye fitila ya yi sama, ta nuna mini daidai kafaɗarta. Ta ce tagar gabas ta yi faɗi, ta auna mini da kamun hannunta. Yagana ta zo daga gidan mijinta suka yi ta gardama a kan inda murhu yake, har Kaka ta yi dariya ta ce mata, "Ke da ba ki taɓa hura shi ba." A makonnin nan ta ci burabusko har da neman ƙari. Na ɗauka mun samo ta.

Ban yarda in sake yi mata gidan da ruwa zai narkar ba. Ni da wani abokina injiniya muka zurfafa harsashin ginin, muka ɗaga daɓen gidan sama da titi, muka yi gangare maimakon matakala saboda ƙafafunta. Bulo da siminti ne a ciki, amma na sa aka yi yaɓe mai launin ƙasa, aka shafe shi da hannu. Kwata ta bi ƙarƙashin zaure ta fita. Azarorin da suka tsira na sa aka wanke, aka jera a rufin ɗakinta. Baba Modu ya tsaya yana kallo ranar da aka gama yaɓe, ya ce, "Wallahi har na ji kamar in kira babanmu. Kana ganin za ta gane?"

Na ce, "Ai duk ita ta faɗa, Baba."

Da hantsi muka kai ta. Ta tsaya a bakin zaure ta yi sallama, ta yi gaisuwar Barebari, "Wushe, wushe," kamar mai jiran a amsa. Ta shiga tana dafa bango, ta karya dama ba wanda ya nuna mata. A ɗakinta hannunta ya tafi kai tsaye cikin alkuki, ba ta ko duba ba. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon azara. Yagana ta juya baya tana share ido.

Kaka ta fito tsakar gida, ta je jikin katangar da ta raba mu da maƙwabta. Nan ne suke gaisawa kowace safiya da aminiyarta Ya Bintu, tun suna amare. Ta kira, "Bintu." Ba amsa. Ya Bintu ta rasu a sansanin da aka tara mutane bayan ambaliya, 'ya'yanta sun koma Zabarmari. Kaka ta sake kira sau ɗaya, sannan ta dawo ta zauna a gefen tabarma.

Ta ce, "Wanda ya gina wannan ya san aiki. Iska na shiga tana fita."

Ta ci abinci kaɗan, ta yi azahar. Tana shafa addu'a sai ta jawo ƙullinta. "Ina matar gidan, in yi mata sallama? Mun daɗe, kada mu takura wa mutane. Maigida, tashi ka mai da ni gida."

Na durƙusa gabanta. "Kaka, nan ne gida. Ga darbejiyarki, ga rijiyarki."

Ta kalle ni da tausayi, irin kallon da take mini ina yaro in na faɗi shirme. "Ya yi kama. Allah ya sa masu shi su ji daɗinsa. Amma namu tsoho ne, Maigida."

Baba Modu da matarsa, Inna Hauwa, suka tare da ita, muna fatan kwanaki za su saba mata. Ba su saba mata ba. Ta yi sanyin shekarar nan gaba ɗaya a ɗakinta a matsayin baƙuwa. Ba ta ɗiban ruwa sai ta nemi izini. Ba ta leƙa madafa. Na saya mata sabon kasko, ta ce ba a hura wuta a gidan mutane. Ta rasu kafin damina.

Na daɗe ina bin takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ina neman tambayar da ban yi ba. Tun ina yaro na ɗauka abin da tatsuniyar ke faɗa shi ne ka tambaya, kuma kada ka manta, sai gida ya tsaya. Gaskiya ne, gidan yana nan tsaye, kuma har yau da wannan nake cin abinci. Abin da ban sani ba shi ne akwai abubuwan da ko ka tambaya mutum ba zai iya gaya maka ba, don shi ma bai san a kansu yake jingine ba: ramin da ƙafafu suka yi a dokin ƙofa, baƙin hayaƙi a saman bango, tarin maƙwabciya da asuba. Ba su da takarda a cikin zanen gini. A tatsuniya magini ya sake gini kowa ya koma ciki. Yanzu nakan yi tunanin ko akwai wata tsohuwa a cikin iyalinsa, da yadda ta ƙare.

Inna Hauwa ce ta gaya mini maganarsu ta ƙarshe, bayan an share makoki. Ta kawo mata kunu da safe, Kaka ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, kun riƙe ni da mutunci, ba ku taɓa nuna kun gaji da ni ba. Allah ya saka muku. In kun shigo Limanti, ku tambayi gidan Malam Habu magini, kowa ya san shi. Ku zo, ni ma in sauke ku."

Inna Hauwa ta ce mata, "To, Ya Falmata. Za mu zo."