Motoci Uku, Suna Ɗaya

Akwai wata yamma a Danchadi da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da na tsufa na manta inda na ajiye carbina.

Mijina da ƙannensa biyu direbobin motocin albasa ne, kowa da tasa. A goshin kowace an rubuta Tabkin Kwatto da jan fenti. Mahaifinsu ne ya fara sa wa motarsa sunan, wai kakan kakansa yana cikin waɗanda suka ci nasara a yaƙin Tabkin Kwatto na zamanin jihadi. Da ya rasu, kowane ɗa ya ce shi ne magajin suna. Ni kam har tsokanarsu nake, in ce yaƙinsu bai wuce na rigimar lodi a tasha ba.

Ranar, su uku suka yi lodi suka nufi kudu. Bayan la'asar wani ya bugo wa maƙwabcinmu waya, ya ce Tabkin Kwatto ta kife gaba da Shagari, direban bai motsa ba. Aka ce wacce? Ya ce shi dai abin da ya gani a rubuce ke nan. Muka yi ta kiran wayoyinsu, babu wadda ta shiga.

Muka taru a ɗakin surukarmu, mu matan uku, ba mai iya kallon idon 'yar'uwarta. Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba. Ita kuwa Inna tana kan tabarma, bakinta kawai ke motsi.

Can wayata ta yi ƙara, na fita tsakar gida. Muryar mijina ce. Ban ma tsaya jin sauran maganarsa ba, na faɗo ɗakin da gudu.

"Inna, ba shi ba ne! Alhamdulillahi, ba shi ba ne!"

Ta ɗago a hankali. "Madalla, ɗiyata. To wane na? Su ukkun nan duka ni na haihe su."

Sai a lokacin na ga fuskokin matan nan biyu. Daga baya labari ya zo, autan ne ya rasu, matarsa da cikin fari.

Inna ba ta taɓa tuna mini da wannan ihun ba har ta bar duniya. Amma tun daga ranar, in alheri ya same ni, sai na duba wanda ke zaune kusa da ni kafin in buɗe baki.